Sayar wa ɗan'uwa mota bashi a Saudiyya: yadda za ka tsare kuɗinka, da abin yi idan biya ya tsaya

Yawancin cinikin mota tsakanin 'yan'uwa a Makka da Jidda da Madina a falo ake ƙulla shi, bayan an sha shayi. Ƙane ko ɗan yaya ko suruki ya ce yana son motar, kuɗinsa ba su cika ba, zai ba da abin da ke hannunsa, saura kuma "a hankali". Mai mota ya ji nauyi, ya ce ba komai, ya miƙa makulli. Ba a yanka ranar biya ba, ba a rubuta komai ba, istimara, wato takardar rajistar mota, tana nan da sunan mai ita na farko. Wata uku kuɗi suna shigowa, a na huɗu a ce giya ta samu matsala, a na shida a daina ɗaga waya. Kafin shekara ta zagayo iyaye mata sun shiga maganar, har Kano ko Damagaram an ji.

Abu biyu ne ke hana kaiwa ga haka: sunan da ke kan istimara, da takardar da ke nuna sauran kuɗi. Dole a warware su tare, a ranar da makulli zai bar hannunka. Wanda ya gyara ɗaya ya bar ɗaya bai tsira ba.

Kafin a miƙa makulli

A tsayar da farashi ɗaya, a faɗe shi da lamba a gaban shaidu. Halal ne farashin bashi ya fi na kuɗi hannu. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya ta tabbatar da haka a zamanta na Jidda a 1990, da sharaɗin a rabu a kan farashi guda. Abin da bai halatta ba shi ne a ce idan ya yi jinkiri za a ƙara masa wani abu. Wannan riba ce, kuma dokar mu'amalolin jama'a ta Saudiyya, wadda ta fara aiki a Disambar 2023, ba ta yarda da tarar jinkiri a kan bashin kuɗi ba. Saboda haka duk ribar da kake so ka sa ta cikin farashi tun farko, bayan nan babu ƙari.

Kafin alƙalami ya yi kauri. Sulusin farashi shi ne mafi ƙarancin abin da ya kamata a karɓa, domin mota tana faɗuwa a daraja kowane wata, kuma wanda ya zuba kuɗinsa masu yawa ba ya sakaci da sauran. A ce Camry ce ta riyal 38,000: ya ba da 14,000, saura 24,000, riyal 2,000 duk wata har wata 12. A duba albashinsa da gaske. Mai ɗaukar riyal 3,000 yana biyan haya da kuɗin iƙamar iyali, wato izinin zamansu a ƙasar, ba zai iya 2,000 ba, ko ya rantse. Gara a rage kason wata a tsawaita lokaci, ko a ce masa ya ƙara tari tukuna. Ranar biya kuma ta zo kwana biyu ko uku bayan ranar albashinsa.

Sai lafiyar motar. Mafi yawan masu tsayar da biya da gyara suke kafa hujja: "Ka sayar mini da mota mai ciwo." Maganin wannan shi ne ya kai ta wurin makanikin da shi ya zaɓa, a sa mata kwamfuta, a duba inji da giya da shasi da na'urar sanyi, a ciro rahoton Mojaz mai nuna tarihin haɗurra da adadin waɗanda suka mallake ta. Duk aibin da ka sani ka faɗa, a rubuta: tana shan mai, an taɓa buɗe inji, an yi fenti a ƙofar baya ta dama. A ɗauki hoton kilomita da jikin motar ta kowane ɓangare. Doka ta ba mai saye kwana 180 daga ranar karɓa ya yi ƙara kan ɓoyayyen aibi, kuma wannan wa'adi ba ya kare mai sayarwar da ya ɓoye da gangan. Aibin da aka bayyana aka rubuta kuwa ya fita daga lissafi.

Sunan wa zai kasance a kan istimara

Nan ne gizo ke saƙar, kuma hanya biyu ce.

Ta farko, ka juya masa motar nan take, ka riƙe takardar bashi mai ƙarfi. Juyawar tana buƙatar istimara mai rai, fahas (gwajin lafiyar mota na hukuma) mai rai, inshora da sunan mai saye, babu tarar da ba a biya ba, shi kuma yana da iƙama da lasisi masu aiki. Kuɗin gwamnati na juya ƙaramar mota riyal 150 ne, ban da kuɗin hidimar Absher, dandalin hidimomin gwamnati na intanet, ko na ma'arad, wato wurin dillalan motoci. Amfanin wannan hanya a fili yake: daga wannan rana tarar Saher, wato kyamarorin kan hanya, tasa ce, haɗari nasa ne, sabunta takardu a wuyansa yake. Illarta ita ce mota ta zama tasa, yana iya sayar da ita gobe a haraj, kasuwar tsofaffin motoci, ba tare da ya tambaye ka ba. Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba: dokar zartar da hukunci ta hana a ƙwace abin hawan da wanda ake bi bashi yake buƙata shi da iyalinsa, sai fa idan an jinginar da shi ga mai bin bashin. Wato kana iya cin shari'a, motar da ka sayar tana ƙofar gidansa, ba ka da ikon sa a yi gwanjonta. Don haka a rubuta a yarjejeniya cewa motar jingina ce a kan sauran kuɗin, a kuma nemi lauya ko ofishin da ya san aikin ya yi rajistar jinginar.

A wannan hanya akwai tarko a wurin rubuta farashi. A Absher mai saye yana zuba adadin da aka rubuta a asusun tsakiya kafin a kammala, don haka masu cinikin bashi sukan rubuta kafin alƙalami kawai, ko wani ɗan adadi na jeka-na-yi-ka. A ma'arad kuma takardun ciniki da yawa suna ɗauke da layin da ke cewa mai sayarwa ya karɓi kuɗinsa. Idan ka sa hannu a haka ba ka da wata takarda, ka ba shi hujja a kanka da hannunka. Ka karanta kafin ka sa hannu, kuma yarjejeniyarku ta faɗi ƙarara cewa ainihin farashi kaza ne, abin da aka rubuta wajen juyawa kafin alƙalami ne kawai.

Ta biyu, motar ta zauna da sunanka har ya gama biya. Dokar 2023 ta yarda mai sayarwa ya sharɗanta cewa mallaka ba za ta koma ga mai saye ba sai ya cika kuɗi, ko da an damƙa masa kayan. Majalisar Fiƙihu kuwa a matsayarta ta 1990 jingina ta zaɓa maimakon riƙe mallaka, don haka wanda abin ya dama ya tambayi malaminsa. Ko ma dai wanne aka bi, kada motar ta kwana a hannunsa ba ka yi masa tafwid, wato izinin tuƙa ta da sunansa, a Absher ba, domin da shi ne tara take komawa kan direba. Idan babu tafwid, ko ya ƙare ba a sabunta ba, kai za ka riƙa ganin saƙo a wayarka. Tsallake jar danja riyal 3,000 zuwa 6,000 ne, riƙe waya ana tuƙi 500 zuwa 900. Tara biyu ko uku irin waɗannan sun cinye ribar cinikin.

Ba tara kaɗai ba ce. Inshora za ta ƙare, fahas zai ƙare, istimara ana sabunta ta duk shekara uku, kuma duk da sunanka. Idan ya yi haɗari ba inshora, diyyar kisan kuskure riyal 300,000 ce. Direba ne ke ɗaukarta, amma mai istimara ake fara nema, kuma idan ka ba wanda ba shi da lasisi mota kai ma ka yi laifi. Idan ya shiga kabu-kabu da ita ba izini, ko ya ɗauki marasa tasrihi, wato izinin aikin Hajji, zuwa Makka lokacin Hajji, ana iya tsare motar, ana iya neman ƙwace ta gaba ɗaya. Mai iƙama ba ya wuce ƙananan motoci biyu da sunansa, don haka ta tare maka gurbi. Mafi zafi, ba a ba da bizar fita ta ƙarshe ga wanda akwai mota da sunansa. Mutum yana iya gama kwantiraginsa, ya ɗaure kaya, ya tarar ba zai tafi ba sai ya nemo ɗan'uwan da ke gudunsa ya zo a juya mota.

A ganinmu, riƙe suna ya dace ne kawai da bashin da bai wuce wata shida ba, a hannun mutumin da kuke gari ɗaya kana ganinsa kana ganin motar. Bashin shekara ko fiye, a juya masa, a karɓi kafin alƙalami mai kauri, a rubuta sanad, wato takardar alkawarin biya, a sa wani ya tsaya masa. Wanda kuwa ba shi da iƙama ko lasisi, ba za a iya juya masa ba, ba za a iya yi masa tafwid ba. Kada a ba shi mota da sunanka ko da ya biya kuɗi hannu. Idan taimako ake so a yi masa, a nemi wata hanya.

Takardar da ke tsayawa a gaban alƙali

Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma ba ta ware ɗan'uwa ba. Wannan ya isa amsa ga duk wanda ya ce "Ashe ba ka yarda da ni ba?" Sai a ce masa: "Yaya, ba don kai ba ne, don rai ne. Ko ni ko kai wani na iya faɗuwa gobe, 'ya'yanmu su san abin da ke tsakani."

Shafi ɗaya ya isa. A rubuta da Larabci, domin shi ne harshen kotu, a sa Hausa a ƙasa idan ɗaya ba ya karanta Larabci sosai. Ta ƙunshi cikakken suna da lambar iƙamar kowa, irin motar da shekararta da lambar faranti da lambar shasi da kilomita, jimlar farashi da lamba da kuma haruffa, abin da aka biya, abin da ya rage, adadin kowane kaso da ranarsa, da lambar asusun da za a riƙa zubawa. A ƙara sharuɗɗa huɗu: idan ya tsallake kaso biyu a jere duk sauran kuɗin sun zama na biya nan take, gyara da tara da inshora daga ranar karɓa a kansa suke, ba zai sayar ba sai da izininka a rubuce, babu wani kuɗi ko hidima da za a cire daga bashin sai wanda ka amince da shi a rubuce. Sharaɗin ƙarshen nan shi ke rufe ƙofar "ai na biya wa Hajiya kuɗin asibiti" da "ai ni na sauke baƙinka lokacin Umara". Kowa ya sa hannu ya dangwala yatsa, kowa ya riƙe kwafi.

Shaidu biyu, kuma a zaɓa da lura. Dokar hujjoji ta Saudiyya, wadda ta fara aiki a 2022, ba ta karɓar shaidar uba ga ɗansa, ko ɗa ga ubansa, ko miji da mata ga juna, ko ta wanda zai amfana da shaidar. A nemi dattawan da ba su da hannu a cinikin kuma zaunannu ne a ƙasar, ba baƙon da ya zo Umara zai koma bayan sati biyu ba.

Yarjejeniya hujja ce, amma sai an yi shari'a kafin ta zama kuɗi. Abin da ke tsallake shari'ar shi ne sanad li'amr, takardar alkawarin biya wadda ake kaiwa kotun zartarwa kai tsaye. Mafi aminci a yi ta a dandalin Nafith: kai ka ƙirƙira, shi ya amince da shaidarsa ta lantarki, babu batun "ba sa hannuna ba ne". Idan ta takarda ce, dole ta ƙunshi kalmar sanad li'amr, alkawarin biyan adadi sananne ba tare da wani sharaɗi ba, ranar biya, wurin biya, sunan wanda za a biya, rana da wurin rubutawa, da sa hannun mai bashi. Kada a cusa mata sharuɗɗan mota, wurinsu yarjejeniya. Ana iya yin sanad ɗaya ga kowane kaso, 12 ke nan a misalinmu, sai dai ba za ka iya kai wanda ranarsa ba ta yi ba. Ana iya yin guda ɗaya na dukkan 24,000, wanda ake biya da zarar an nema. A nan amana ta koma wuyanka, ranar da za ka kai shi abin da ya rage kawai za ka nema, ba duka ba. Ƙarfin sanad yana ƙarewa bayan shekara uku daga ranar biya, daga nan ya koma takardar hujja kamar kowace.

Cek ba abin jingina ba ne. Ba da cek babu kuɗi a asusu laifi ne mai ɗaurin da ya kai shekara uku, kuma wanda ya karɓa yana sane babu kuɗin shi ma doka ta hau kansa. A bar shi.

Biya ta banki kawai, daga asusunsa zuwa naka, a rubuta "kason mota na wata kaza". Idan ya kawo kuɗi a hannu, ka tura masa saƙo nan take: "Na karɓi riyal 2,000 na watan Maris, saura 18,000", ya amsa. Idan kuma an shirya zai riƙa ba iyalinka naira ko sefa a gida, bashin ya zauna a riyal, kowane biya a lissafa shi da canjin ranar da aka biya. Riyal yana ɗaure da dala a kan 3.75, naira kuwa daga wajen 460 a kan dala a farashin hukuma farkon 2023 ta wuce 1,500 a 2024. Wanda ya yanka bashinsa da naira kafin faɗuwar ya tashi da ƙasa da sulusin kuɗinsa, kuma babu wanda ya cuce shi a takarda.

Motar da har yanzu kamfanin ba da bashi ke bi kuɗi ba taka ba ce, sunan kamfanin ne a kanta. Miƙa wa ɗan'uwa ita a kan "ka ci gaba da biyan kaso" yana nufin duk watan da ya makara sunanka ne ke ɓaci a SIMAH, inda ake ajiye tarihin bashin mutane, kai kamfani zai kai ƙara. A je kamfanin a yi tanazul, wato a mayar da kwantiragin sunansa, a hukumance, idan sun ƙi karɓarsa a fasa.

Idan biya ya tsaya

Kada ka bari shiru ya yi tsawo. Kaso na farko da aka tsallake, a kira cikin sati, da murya mai sanyi. Bashin wata ɗaya ana iya cike shi, na wata biyar ya zama dutse, mai shi ya fara kauce wa taron suna da ɗaurin aure don kada ku haɗu.

Idan tun farko ba a rubuta komai ba, aikinka na farko samo amincewarsa a rubuce, kafin rai ya ɓaci. Dokar hujjoji ta ba saƙonnin waya da makamantansu matsayin rubutu. Saƙo irin wannan ya wadatar: "Salamu alaikum Kawu, ina gyara lissafina ne. Motar mun yi ta a kan 38,000, ka ba ni 14,000 da farko, sannan 2,000 sau uku, saura 18,000. Haka ne ko na yi kuskure?" Idan ya amsa da "haka ne, ka ƙara mini haƙuri", ka samu hujja. Kada ka goge hirar, kada ka canza waya ba ka adana ta ba. Saƙon Hausa, na rubutu ko na murya, sai ofishin fassara mai lasisi ya mayar da shi Larabci kafin kotu ta duba. Ko babu rubutu ma ba a rasa duka ba: doka tana neman rubutu ga mu'amalar da ta wuce riyal 100,000, amma ta ɗauki zumunta da surukuta har mataki na huɗu a matsayin uzurin da ke sa a karɓi shaidu a madadinsa.

Sai ka tantance wane irin mai bashi ne a gabanka. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma wanda aikinsa ya tsaya, ko aka riƙe masa albashi, ko ciwo ya kwantar da shi, aya ta 280 a Baƙara ta ce a jinkirta masa har ya samu sauƙi. Wanda yake da shi yake ja kuwa, hadisi ya kira jinkirinsa zalunci. Alamomin ba sa ɓuya: na farko shi ke kiranka, yana kawo 500 ko 300 yana ba da haƙuri, na biyu ya sauya wa motar taya da gilashi mai duhu, ya tafi hutu gida, amma wayarka ba ta shiga.

Ga mai uzuri akwai mafita uku. A sake tsara kaso, a mayar da 2,000 zuwa 1,000 ba tare da ƙarin ko riyal ɗaya ba, a rubuta sabon jadawali. Ko a yafe masa wani abu idan zai biya saura gaba ɗaya yanzu, malamai da yawa sun halatta haka tsakanin mai bi da wanda ake bi. Ko a sayar da motar ga wani na waje, ka ɗauki sauran kuɗinka, rarar tasa ce, giɓi kuma yana nan a kansa. Wannan ta ukun ita ta fi tsafta idan ya tabbata ba zai iya ba. Sake sayen motar da kanka a farashi ƙasa da wanda ka sayar bashi yana da matsala a mazhabar Malikiyya da ta Hambaliyya. Idan motar kake so ta dawo, a warware cinikin a kan farashin farko, a mayar masa abin da ya biya, a sasanta kan lalacewar da ta samu a hannunsa.

Idan magana tsakaninku ta ƙi, a sa dattijo ɗaya ko biyu waɗanda shi ma yake jin nauyinsu, ba taron dangi ba. Taro yana sa mutum kare mutuncinsa maimakon amsa gaskiya. A zo da takardu, a fara da lissafi kafin ƙorafi. Kuma duk abin da aka cimma kada ya tsaya a "an yi sulhu, a yi fatiha". A shigar da shi dandalin Taradhi na Ma'aikatar Shari'a, domin takardar sulhun da ta fito daga can ana zartar da ita kamar hukuncin kotu. Sau da yawa dattawa za su ce ka yafe wani abu don zumunci. Ka yanke tun daga gida nawa za ka iya bari da zuciya ɗaya, ka faɗe shi da bakinka, da sharaɗin ragowar ta zo a ranakun da aka rubuta.

Akwai abubuwan da fushi ke sa mutum yi waɗanda ke mayar da mai gaskiya mai laifi. Kada ka kai rahoton sata a kan motar da kai ka miƙa makullinta, rahoton ƙarya laifi ne. Kada ka je da makulli na biyu da dare ka ɗauke motar da aka riga aka juya masa. Kada ka riƙe fasfonsa ko iƙamarsa. Kada ka sa hotonsa a zauren WhatsApp na dangi ko na 'yan gari kana kiransa macuci: dokar laifukan intanet ta 2007 ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara ɗaya da tarar da ta kai riyal 500,000 kan ɓata suna. Idan motar da sunanka take, abin da ke hannunka shi ne ka sanar da shi a rubuce, ka ba shi wa'adi, sannan ka nemi kotu ta tilasta biya ko ta warware cinikin.

Kotu

Mai sanad ko takardar sulhu ta Taradhi zai shiga Najiz, dandalin intanet na kotuna, ya buɗe buƙatar zartarwa. Kotu tana sanar da wanda ake bi, abin da mutane ke kira "ƙarar 34" da Larabci, wato umarnin sashe na 34 na dokar zartarwa, a ba shi kwana biyar. Idan bai biya ba sai matakan sashe na 46 su biyo: hana fita ƙasa, binciken dukiyarsa, riƙe abin da ke asusunsa. Daga albashi ba a cire fiye da sulusi saboda bashi irin wannan. Ka san nauyin abin kafin ka danna, domin hana fita yana nufin ko rasuwa aka yi a gida ba zai je ba, kuma dangi a kanka za su ɗora. Ka ba shi gargaɗin ƙarshe a rubuce, da rana, ka sanar da dattijon da ya shiga tsakani. Amma idan ka ji yana shirin fita ta ƙarshe, kada ka jira, bin bashi daga Jidda zuwa wata ƙasa aiki ne mai wuyar gaske.

Wanda ba shi da sanad zai shigar da ƙarar neman kuɗi a babbar kotu ta hanyar Najiz, ya haɗa yarjejeniya, bayanan banki, saƙonni da sunayen shaidu. Hujja a kan mai ƙara take, rantsuwa a kan wanda ya musa; idan ba ka da komai sai neman ya rantse, kuma ya rantse, magana ta ƙare. Kuɗin shari'a ba ya wuce kashi 5 cikin 100 na abin da ake nema, wato riyal 900 a kan 18,000, kuma wanda ya faɗi shi ke ɗauka. Ƙarar da ba ta wuce riyal 50,000 ba ana ɗaukarta ƙarama, ba a ɗaukaka ta, don haka ka zo da duk hujjarka tun zaman farko. Ka nemi abin da kake bi daidai, ka amsa duk abin da ya biya ko da ba shi da rasit.

Idan wanda ake bi ya rasu, bashi yana fita daga abin da ya bari kafin wasiyya da rabon gado, kuma a Malikiyya bashin da aka jinkirta yana zama na biya da mutuwarsa. A bari kwanakin zaman makoki su wuce, sannan a kai takarda ga wanda ke kula da gadon kafin a raba. Idan mai bin ne ya rasu, haƙƙin ya koma ga magadansa, kuma babu wani baffa da ke da ikon yafe rabon marayu.

Ranar da kaso na ƙarshe ya shigo, a rubuta takardar sallama cewa babu sauran komai, a rufe sanad a Nafith ko a mayar masa da na takarda, a cire jingina, a miƙa makulli na biyu. Idan motar da sunanka take, a juya ta cikin satin nan, bayan an duba Absher an tabbatar babu tarar da ta rage a kanta, a kuma sanar da shaidun nan biyu cewa an gama.